Duwatsu Shida A Akwatin Magani

Da ƙarfe biyu da minti ashirin na rana malamar asibiti ta buɗe akwatin a ɗakin ajiyar kaya, ta ɗaga ƙanƙarar da ke sama, ta tarar da duwatsu. Guda shida ne, baƙaƙe, kowanne an naɗe shi da tsumma don kada ya yi ƙara. Kwalabe ashirin na maganin sarar maciji, waɗanda asibitin garinmu ya yi wata guda yana jira, ko ɗaya babu.

Ina bakin ƙofata na ji salatinta. Shekara talatin da ɗaya ina gadin wannan ɗan ƙaramin filin jirgi, ni ke buɗe jakar kowane matafiyi in duba kafin ya wuce, kuma ban taɓa barin ƙofa don kallon rigima ba. Ran nan na bari, domin ɗakin ajiyar a hannun ɗana yake. Shi ke sauke kaya daga cikin jirgi, shi ke turo su a baro, shi ke riƙe da makulli. Abokan aiki Dogo suke ce masa.

Filin namu jirgi ɗaya yake da shi, hanya ɗaya. Ya tashi ƙarfe takwas na safe zuwa babban gari, ya dawo ƙarfe biyu. Kilomita ɗari uku da ashirin ne, in ji masu lissafi. A mota wuni guda ne cur, in gada ba ta karye ba. A sama kuwa minti hamsin.

Masinjan asibiti ne ya je ya karɓo maganin da safe ya dawo da shi. Mutum ne mai tsafta da ladabi, bai taɓa wuce ni bai durƙusa ba. Yana tsaye ya ɗora hannu biyu a ka.

"Da idona na gan su," in ji shi. "Can babban gari, a gindin tsanin jirgi na buɗe na duba, Kyaftin na tsaye. Daga nan sai sama, a sama kuwa babu kasuwa. Muna sauka Dogo ya ɗauki akwati, ni na fita neman motar asibiti. Minti goma sha biyar na yi."

Manajan filin ya warware tsumma ɗaya, ya juya dutsen a hannunsa. "Wannan ai namu ne. Ragowar wanda aka kawo lokacin gyaran titin jirgi. Ga tulinsa can bayan banɗaki."

Duk aka juya ana kallon ɗana. Masu shara, direbobin haya, har matafiyan da ba su gama ɗaukar kayansu ba, sun toshe ƙofa. Wani daga baya ya ce akwai manomi biyu kwance a asibiti ƙafa ta kumbura, wani ya ce a fito musu da shi waje su tambaye shi da kansu.

Sai ga Ido-Ƙasa yana ratsa su da gwiwar hannu. Tsaran juna ne ni da shi. A ƙuruciya ɓarayin shanu yake bi wa sawu, da ya tsufa aka ɗauke shi ya riƙa zaga shingen filin don kada dabba ta shigo titin jirgi. Tafiya yake kullum kai a sunkuye, shi ya sa sunan ya bi shi. Bai yi wa kowa sallama ba. Ya ɗauki dutse ɗaya daga cikin akwatin, ya manna a kumatunsa. Daga nan ya maka shi a kan ƙarfen dokin ƙofa ya rabe biyu, ya ɗora ɓari ɗaya a wuyan hannun malamar, ɗaya a tafin Manaja.

"Me kuka ji?"

"Sanyi," in ji malamar. "Har yana cizo."

"Cikinsa fa na ba ku, ba bayansa ba. Ku riƙe wannan a ranku."

Manaja ya yar da nasa. "Tsoho, dutsen da ya fito daga ƙanƙara da zafi za ka same shi? Ba mu wuri."

Ni ban tsaya jin wannan ba. Na je gaban ɗana na ce, "Kai ka ɗauka?"

"Baba, wallahi..."

"Ban ce ka rantse ba. In kai ne, ka nemi wani uban tun yanzu."

Da hannuna na tuɓe masa rigar aiki, mai ruwan ɗorawar nan da suke sawa a sama, na miƙa wa Manaja. Mutum mai shekara talatin da huɗu, mai mata da 'ya'ya uku, ya tsaya kamar an dasa shi, bai hana ni ba. Aka kulle shi a ɗakin sikeli. Manaja ya buga wa 'yan sanda waya, suka ce motarsu ɗaya ce kuma ta fita, sai ƙarfe biyar.

* * *

"Taso, tsohon banza," in ji Ido-Ƙasa. "Ka gama yanke hukunci, yanzu zo mu yi bincike."

Muka fara da Mai Lemo, matar da ke zaune da akwatin sanyinta a ƙarƙashin rumfa, wadda ko ƙuda ya gilma sai ta san inda ya nufa.

"Ni fa ba na son tsegumi," ta ce, tana gyara zama don ta yi shi da kyau. "Baba, ka yi haƙuri, amma gaskiya ɗaya ce. Wajen sha biyu na ga Dogo ya zaga bayan banɗaki yana waige-waige. Ya jima. Kuma ba yau ya fara ba."

"Ya fito da wani abu a hannu?" in ji Ido-Ƙasa.

"Hannunsa na aljihu."

"Da safe fa? Wa ya zaga?"

"Da safe ina can ina faɗa da masu wuta. Tun asuba suka ɗauke, lemona duk ya zama ruwan wanka. Ka taɓa ka ji."

Ya taɓa kwalba ɗaya, ya gyaɗa kai, muka wuce. Na riga na ga ɗana a bayan mota, na ga surukata tana tambayata abin da zan kasa amsawa.

* * *

Akwai wata hanyar aiki ta Ido-Ƙasa da ba kowa ya damu ya sani ba. Kullum jirgin safe na tashi, sai ya ɗaura igiya a tsohuwar tayar mota, ya ja ta a bayansa ya zaga shingen gaba ɗaya. Tayar ta share yashi ya yi sumul. Duk abin da ya taka bayan nan, kare ne ko akuya ko mutum, sai ya bar sawu sabo, shi kuma ya gani kafin jirgin rana ya sauko. Hanyar tayar ta bi ta gefen tulin duwatsun nan.

Yana zuwa ya tsugunna. Ni ban buƙaci a karanta mini ba: sawun takalmin aiki ne, ƙato, mai zane kamar haƙoran zarto. Ni na raka ɗana ya saye shi.

"Nasa ne," na ce.

"Nasa ne. Ya zo, ya tsaya nan, ya jingina da bango. Duba ƙasa."

Guntayen taba ne, sun fi ashirin, wasu sun bushe sun yi fari, ɗaya sabo.

"Ɗanka ba ɓoyon magani yake zuwa yi nan ba. Ɓoyon ubansa yake zuwa yi."

A wata rana da wannan ya isa ya hana ni cin abinci. Ran nan sai na ji kamar an ba ni ruwa.

Ya matsa gaba da rarrafe, ya nuna mini gurbi shida a gefen tulin, inda duwatsu suka daɗe a zaune aka ɗauke su. Kowane gurbi yashi ya cika rabinsa, kuma shatin taya ya bi ta kansa.

"Taya ta wuce bayan an ɗauke su. Ni kuma takwas da minti goma na ja ta nan. Sawun Dogo a kan shatin yake. Ke nan da ya zo shan tabarsa, duwatsun sun daɗe da tafiya."

"To ai ba shi ba ne!"

"Kar ka yi saurin murna. Ƙarfe nawa yake zuwa aiki?"

"Shida da rabi."

"To ka gani. Manaja zai ce ya ɗebe su tun da safe ya ajiye."

Ya ci gaba da dubawa har ya kai bayan wani turken shinge, inda taya ba ta iya shiga. A nan ya daɗe. Rabin sawu ne, na takalmi mai santsin ƙasa, an yi wa dunduniyarsa faci da ƙusa uku. Gefen hagu ya fi nutsewa.

"Mai wannan ya rataya abu mai nauyi a kafaɗar hagu," in ji shi. Ya kife tsohon gwangwani a kai, ya tashi yana dafa gwiwa.

* * *

Ɗakin sikeli taga ɗaya gare shi, mai sandunan ƙarfe. Ɗana na zaune a kan sikelin, da singileti, ya haɗa kai da gwiwa.

"Ɗana," in ji Ido-Ƙasa, don haka yake kiransa tun yana goye, "minti goma sha biyar ɗin nan me ka yi?"

"Buhuna na jera, Kawu. Akwatin na sa shi a inuwa bayan ƙofa. Ban ko taɓa murfin ba."

"Wani ya shigo?"

"Babu kowa. Da ma wani ya shigo, da ina da shaida."

"Da ka ɗauko shi daga jirgi, ka ji wani abu?"

"Nauyinsa daidai da na kullum. Abin da na sani ke nan."

"Tabar fa, tun yaushe?"

Ya ɗago, ya ga ina tsaye a bayan Kawun nasa. Ya mayar da kai ƙasa. "Shekara biyu."

Na jira ya dube ni ya ce wani abu, ko roƙo ko ƙorafi. Bai dube ni ba. Agogon bango ya nuna uku da minti goma.

* * *

Kyaftin muka samu a ƙarƙashin fiffiken jirginsa yana cike takardu. Mutum ne marar yawan magana, amma yana ganin girman Ido-Ƙasa tun ranar da ya hana shi sauka a kan garken jakuna.

"Ranka ya daɗe, daga can zuwa nan minti nawa ka yi yau?"

"Hamsin a sama, kamar kullum. Iska ba ta dame mu ba."

"Daga rufe ɗakin kaya a can zuwa buɗe shi a nan fa?"

Ya duba takardarsa. "Hamsin da biyar."

"A sama wani zai iya kai hannu wurin kaya?"

"Ƙofar ta waje ce. Sai dai in yana da fiffike."

"Masinja ya ce ya buɗe akwati a gabanka."

"Ya ɗaga murfi, gaskiya ne. Har ya ce mini, Kyaftin ka zama shaida. Ni ƙanƙara na gani. Ban leƙa ƙarƙashinta ba."

Ido-Ƙasa ya ƙirga da yatsu, leɓensa na motsi. "Hamsin da biyar, da goma sha biyar na Dogo. Saba'in ke nan. In maganarsa gaskiya ce, duk duniya dutsen nan bai wuce minti saba'in a cikin sanyi ba." Ya juya gare ni. "Je ka ce wa Manaja ina aron akwatin da agogonsa."

Manaja ya yi tsaki, amma malamar ta sa baki, ta ce tun da ba za a rasa komai ba, a gwada. Ido-Ƙasa ya zaɓo duwatsu biyu masu girman waɗancan daga can ƙasan tuli, inda rana ba ta taɓa su ba, don kada a ce ya yi son kai. Ya naɗe su da tsummokaran nan, ya sa ƙarƙashin ƙanƙara, malamar ta rufe da hannunta ta zauna a kan akwatin. Uku da minti ashirin da biyar.

Bayan minti goma sha biyar aka ciro ɗaya aka fasa. Malamar ta taɓa ta ce, "Wannan ko labarin sanyi bai ji ba." Aka bar ɗayan.

* * *

Ban taɓa sanin minti hamsin da biyar na da tsawo haka ba. Mutane sun ƙaru a waje, har da 'yan'uwan manoman nan biyu. Na koma kujerata a bakin ƙofa, ina kallon hanya ko motar 'yan sanda za ta zo da wuri.

Ido-Ƙasa ya zo ya zauna a ƙasa kusa da ni, yana sassaƙa tsinke.

"Mutum nawa suka tashi da safe?"

"Tara."

"Nawa daga cikinsu suka dawo da rana?"

"Ɗaya. Masinja."

"Jaka tara ka buɗe?"

Na buɗe baki zan ce ƙwarai, sai na tuna. Abin ya dawo mini tiryan-tiryan. Bakwai da rabi Masinja ya zo, ya durƙusa, ya miƙo mini man shafawa na ciwon gwiwa da yake kawo mini duk wata. Akwatin maganin na hannunsa, ya buɗe mini na ga babu komai. Jakarsa ta baya kuwa na ɗaga ta don in matsar daga hanya, ta fizgi hannuna ƙasa. Na ce masa, kai, duwatsu ka zuba a ciki? Ya yi dariya, ni ma na yi. Na ce wuce, Allah ya kiyaye hanya.

Ido-Ƙasa bai ɗago ba.

"Ni sawu nake karantawa," ya ce. "Jaka aikinka ne. Ba zan faɗi abin da ban gani ba." Ya tashi ya ɗauki tsintsiya, ya je ya share yashin ƙofar ɗakin jira, ya yayyafa ruwa.

Dokar wurin nan a rubuce take a bango, ni na sa aka rubuta: mai gadin da ya bar jaka ta wuce bai duba ba, ya ajiye makulli. Na taɓa korar mataimaka biyu a kanta, ban saurari kukansu ba.

* * *

Huɗu da rabi Manaja ya tara mu a ɗakin jira: malamar da akwatinta, Kyaftin, Mai Lemo, Masinja da jakarsa a kafaɗa, da ɗana da aka fito da shi aka zaunar a gefe. Kowa ya taka yashin nan ya shigo bai kula ba. Ido-Ƙasa ya shigo ƙarshe.

Huɗu da minti talatin da biyar malamar ta buɗe. Ya fasa dutsen a gaban kowa, ya ɗora mata a wuyan hannu, ya ɗora wa Manaja a tafi.

"Bayansa ya yi ɗan sanyi," in ji malamar. "Cikinsa kuwa da sauran ɗumi. Ba irin na ɗazu ba ne ko kusa."

Manaja ya juya ɓarin a hannunsa, amma wannan karon bai yar ba.

"Wannan ya yi minti saba'in," in ji Ido-Ƙasa. "Tsawon tafiyar jirgi da zaman ɗakin Dogo gaba ɗaya. Na ɗazu sun fi haka nesa, awa uku ko fiye. Awa uku kafin a buɗe akwatin nan kuwa, yana can babban gari. Duwatsun namu ne, amma a can aka sa su. Ke nan jirgi suka hau da safe, suka hawo shi da rana."

"Wannan wace irin magana ce?" in ji Masinja. Muryarsa ba ta rawa. "Dogo zai iya sanyaya su a nan tun safe. Ga akwatin Mai Lemo."

"Akwatin wa?" Mai Lemo ta miƙe. "Tun asuba babu wuta, kuma a kansa nake zaune. Sai dai in ta ƙarƙashina ya bi."

Wasu suka yi dariya daga taga. Ido-Ƙasa ya ce Manaja ya fito ƙofa ya duba yashi, sannan ya kai shi bayan turke ya ɗaga gwangwani. Da suka dawo, Manaja ƙafar Masinja yake kallo. Faci ne a dunduniya, da ƙusa uku.

"Na zaga banɗaki da safe, wa bai zaga ba?" in ji Masinja. "Ranka ya daɗe, a yi maganar hankali. Ta ina zan wuce da duwatsu shida? Ga Baba nan. Shekara talatin ko allura ba ta wuce shi ba, kowa ya sani. Baba, ba ka duba jakata da safe ba?"

Ya dube ni da murmushin nan nasa na ladabi. Ya san abin da yake yi. Ya san dokar bango, ya san ni, ya kuma ga yadda na tuɓe wa ɗana riga don kare sunana. A kan wannan ya gina komai.

Manaja ya ce, "Maganarsa da ƙamshin gaskiya. In Baba ya duba, dutse bai bi ta ƙofa ba, ni kuma ba zan ba 'yan sanda sanyin dutse a matsayin hujja ba. Baba?"

Daga nesa na ji ƙarar mota ta karyo kwanar filin. Ɗana na kallon ƙasa. Ko a lokacin bai roƙe ni da ido ba.

"Ban duba ba," na ce.

Duk suka juyo gare ni.

"Na ɗaga ta na ji nauyi. Har na tambaye shi ko duwatsu ya zuba, muka yi dariya. Na bar shi ya wuce don yana gaishe ni, yana kawo mini man gwiwa. Ba yau kaɗai ba, na fi shekara ban buɗe jakarsa ba." Na ciro makullan ƙofa daga aljihu na ajiye a kan tebur. "A buɗe ta yanzu."

Kyaftin ne ya karɓi jakar, ya zazzage a kan farar takarda. Riga ɗaya, cajar waya, sai baƙin tsakuwa da yashi, da wani zare na tsumma mai launin waɗanda aka naɗe duwatsun.

Masinja ya zauna a ƙasa. Kafin 'yan sanda su gama rufe ƙofar motarsu ya faɗi komai. Ƙarfe goma aka ba shi maganin, goma da rabi ya kai wa wani mai shagon magani da ya daɗe yana zuga shi, ya zuba duwatsu a madadinsa. Ya ɗebi na filinmu ne don laifi ya faɗo nan. Malamar ba ta tsaya jin sauran ba, ta hau waya. Kafin rana ta faɗi an tarar da kwalabe ashirin ɗin a firjin shagon, washegari suka zo a jirgin rana, a kan cinyar ɗan sanda. Manoman nan biyu sun tashi, ɗaya dai ya rasa yatsa.

* * *

Manaja ya ɗauki makullan ya riƙe, yana jujjuya su. "Baba, ka san doka."

"Ni na sa aka rubuta ta."

Na ce ya ba ni rigar da na miƙa masa. Mutanen da suka ga na tuɓe ta suna nan a taga, ban bari sun watse ba. Na je gaban ɗana na ce ya miƙe. Ya fi ni tsawo da kai guda, sai da ya sunkuya na sa masa ita. Maɓallin ya ƙi shiga, ya tsaya bai taimake ni ba har na gama.

"Maganar da na faɗa ɗazu," na ce, "ta wani uban..."

"Na ji ta, Baba."

Ya faɗi haka ne kawai, bai ce ya yafe ba, ni ma ban ce ya yafe ba. Ya je ƙofa ya ɗauko kujerata da butata da tsohon bargona, ya ɗora a kafaɗa, muka kama hanyar gida. Ido-Ƙasa na biye da mu, kai a sunkuye.

"Tsohon banza," ya ce, "gobe ka zo ka taya ni jan taya, tun da ka zama marar aiki. Kai kuma Dogo, ka daina zubar mini da guntayen taba a hanya, kana ɓata mini rubutu."

"Ya daina shanta gaba ɗaya," na ce.

"Baba," in ji ɗana, bai waiwayo ba, "a bar wannan sai gobe."

Na bar ta sai gobe. Ban taɓa barin magana sai gobe ba a gidana, sai ran nan.

Ɓarin dutsen farko yana aljihuna, na tsince shi inda Manaja ya yar. Har yau yana kan tagar ɗakina. Jikokina sun ɗauka na danne takarda ne. Shi sai da ya yi kusan awa huɗu cikin ƙanƙara kafin sanyi ya kai cikinsa. Ni kuwa, da na haifi yaron nan na raine shi shekara talatin da huɗu, ban kai minti biyar ba na juya masa baya.